Sauyin amfani da ƙasa a dausayin bakin teku da aka ƙwato

Dausayin bakin teku shi ne filin laka da taɓo da ke tsakanin tudu da teku, ruwa ya haye shi in teku ta cika, ya janye in ta koma. Mu nan Sakkwato abin da ya fi kama da shi ita ce fadama, irin ta Kwalkwalawa a bakin gulbin Rima, sai dai ruwan can na gishiri ne kuma hawa da saukarsa kullum ne, ba sai da damina ba. Hanya biyu ake ƙwato irin wannan wuri, ko a gina ganuwa a tare teku sannan a zuƙe ruwan da famfo, ko a yi ta zuba yashi har ya zama tudu. Abin da masana suka lura da shi shi ne sau da yawa filin ba ya tsayawa kan aikin da aka ƙwato shi dominsa.

Holan ce ta fi shahara a wannan aiki. A 1932 suka kammala ganuwar Afsluitdijk mai tsawon kilomita 32, suka raba mashigin ruwan Zuiderzee da teku, daga nan aka busar da yankunan da ruwan ya rufe, wato Noordoostpolder a 1942, gabashin Flevoland a 1957, kudancinta a 1968. Ba a shiga noma kai tsaye fa, don ƙasar jiƙe take sharkaf ga gishiri, sai da aka watsa irin wata ciyawa mai kama da gamba daga jirgin sama ta tsotse ruwan, aka haƙa lambatu, ruwan sama ya wanke gishirin a hankali, tukunna dankali da albasa suka samu wurin zama. To amma kafin a gama da kudancin, cunkoson Amsterdam ya sa buƙata ta koma ta gidaje, aka kafa birnin Almere wanda mutanen farko suka tare a 1976, yanzu ya haura mutum 200,000. Wani yanki kuma da aka ware wa masana'antu, Oostvaardersplassen, ruwa ya ƙi barinsa, tsuntsaye suka mamaye shi, aka bar musu.

Na Koriya ta Kudu ya fi ban tausayi gaskiya. An rufe ganuwar Saemangeum mai kusan kilomita 33 a 2006 da niyyar noman shinkafa, daga baya aka karkata ga masana'antu da yawon buɗe ido, alhali masu tsintar ƙwanso a laka sun riga sun rasa abin yi, tsuntsaye masu ƙaura da ke yada zango a wurin su ma suka ragu ƙwarai.

A gida Najeriya misalin yana Legas, inda ba a ma bi ta noma ba. An rushe unguwar Maroko a 1990, fadamun Lekki aka cike su da yashi suka zama rukunin gidaje, sabuwar unguwar Eko Atlantic kuwa cikin tekun kansa aka zuba ta.

Matsalar ita ce laka in ta bushe tana lotsawa, filin ya yi ta nitsewa ƙasa da teku, dole famfo ya yi ta aiki ba hutu. Wata ƙasar kuma da iska ta shige ta sai ta yi tsami, shuka ta ƙi. Ga shi dausayin da aka cike shi ne da ke shanye ambaliya kuma nan kifi ke hayayyafa, duk wanda ya ga yadda fadamar Rima ta ɗauki ruwa a ambaliyar 2010 ya san in an toshe wa ruwa makwancinsa gidajen mutane zai nufa. Yarjejeniyar Ramsar ta 1971 don kare irin waɗannan wurare aka ƙulla ta, kuma Najeriya na cikinta, dausayin Haɗeja da Nguru ne ta fara sakawa a jerin.