Mece ce wiski, kuma me ya raba iri-irinta?

Mutane da yawa suna kiran duk wata giya mai ƙarfi mai launin ruwan shayi da sunan wiski. A wurin masu yinta da hukumomin ƙasashen da ta fito, sunan yana da iyaka. Wiski giya ce da aka yi daga hatsi, aka tace ta ta hanyar tururi, sannan aka ajiye ta a gangar katako har ta tsufa. Wadda aka yi daga inabi sunanta burandi, ta ruwan rake kuma ram. A Musulunci hukuncinta ɗaya da na kowace giya, haramun ce. Sai dai sunan yana yawan fitowa a labaran kasuwanci da haraji da kiwon lafiya, don haka yana da kyau a san abin da ake nufi da shi.

Sikotland da Ayaland ne tushenta. Rubutu mafi daɗewa da ya ambace ta a Sikotland yana cikin kundin baitulmalin sarki na shekarar 1494, inda aka ba wani malamin coci mai suna John Cor tsiron sha'ir don ya yi ta. A kan kwalba za a ga 'yan Sikotland da Kanada da Japan suna rubuta whisky, 'yan Ayaland da yawancin Amurkawa kuma whiskey. Wannan al'adar rubutu ce kawai. Ainihin abin da ya raba iri-irin abu uku ne: wane hatsi, wace tukunya, wace ganga.

Aikin yana farawa da tsiro. Ƙwayar sha'ir cike take da sitaci, yisti kuwa ba ya cin sitaci, sai sukari. Don haka ake jiƙa sha'ir kwana biyu zuwa uku, ana tsiyaye ruwan ana sake zubawa don ƙwayar ta sha iska, har danshinta ya tashi daga kusan kashi 12 cikin ɗari zuwa kusan 45. Daga nan a baza shi a daɓe kamar kwana biyar zuwa mako guda ya tsira. Wanda ya san yadda ake tsirar da dawa don kunun zaƙi ko burkutu ya san wannan mataki, domin hikimar ɗaya ce: ƙwayar da ta fara tsira tana fitar da sinadaran da ke mai da sitaci sukari. A kan daɓen dole a riƙa juya hatsin da shebur na katako bayan 'yan sa'o'i, dare da rana. In aka bari, saiwoyin za su sarƙe, zafi ya taru a ciki, fumfuna ta kama. Yanzu injuna ne ke yin wannan aiki a mafi yawan wurare, amma gidajen wiski na Sikotland irin su Laphroaig da Balvenie da Springbank har yau suna baza nasu a daɓe.

Kafin tsiron ya cinye sitacin da kansa, sai a busar da shi a kan wuta. Zafin ba ya wuce digiri 70 a ma'aunin Salshiyos, domin in ya wuce sosai sinadaran nan za su mutu. A nan ne warin hayaƙin da aka san wasu wiskin Sikotland da shi yake shiga. A tsibirin Islay suna ƙona wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓun ciyayin fadama da suke kira fit, hayaƙinta ya ratsa tsiron. Hayaƙin yana kamawa ne lokacin da hatsin ke da danshi. Da zarar ya bushe, ƙara hayaƙi ɓarnar makamashi ce.

Sai niƙa. Ba a mai da tsiron gari gaba ɗaya, ɓarza shi ake yi: kusan kashi 70 tsaki, 20 dusa, 10 gari. Dusar ce matacin da ruwa zai bi ya fita. In gari ya yi yawa sai tukunyar ta toshe, in tsakin ya yi manya kuma sukari ya maƙale a ciki a yi asara. Ana zuba ruwan zafi sau uku. Na farko kusan digiri 64, domin a nan sinadaran tsiro suka fi aiki. Na biyu ya fi shi zafi. Na uku ya kusa tafasa, kuma shi ake adanawa a fara kwaɓi na gaba da shi. Dusar da ta rage abincin shanu ce. Ruwan zaƙin da aka samu sai a sanyaya shi zuwa kusan digiri 20 a zuba yisti a manyan tankuna na katako ko ƙarfe. Cikin kwana biyu zuwa uku ya tsima, ƙarfinsa, wato yawan sinadarin maye a cikinsa, ya kai kashi 8 ko 9 cikin ɗari. Tsimuwar tana haifar da zafi, kuma in ya haura digiri 35 yistin yakan mutu ya bar sukari bai ci ba. Wasu gidaje suna barin ruwan fiye da kwana uku da gangan, don ƙwayoyin da ke sa tsami su ƙara masa ƙamshin 'ya'yan itace.

Mataki na gaba shi ne wanda ya raba wiski da giyar kwalba ta yau da kullum. Sinadarin da ke sa maye, wato itanol, yana tafasa a digiri 78, ruwa kuma sai 100. In aka ɗora tsimin a rufaffiyar tukunya, tururin da ke tashi ya fi ruwan da ke ƙasa yawan itanol; sai a bi da shi ta bututu mai sanyi ya koma ruwa. Tukunyar gargajiya ta jan ƙarfe ce, mai faɗin ciki da dogon wuya, kuma akwai dalili: jan ƙarfe yana kama sinadaran farar wuta da ke sa wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Tsawon wuyan ma yana da tasiri. Dogon wuya yana mai da tururi mai nauyi baya, sai mai sauƙi ya haye. Wuyan tukwanen gidan Glenmorangie na Sikotland ya haura mita 5, shi ya sa tasu ba ta da nauyi.

A Sikotland yawanci sau biyu ake tacewa. Tukunyar farko tana ba da ruwa mai ƙarfin kashi 20 zuwa 25. A ta biyu ne gwanintar mai aiki take bayyana, domin abin da ke fitowa kashi uku ne: kai, tsakiya da wutsiya. Kan yana ɗauke da sinadarai masu kaifin wari da dattin da ya wanko daga bututu. Wutsiyar tana da maiƙo da wari mai nauyi. Tsakiyar kaɗai ake ɗauka, daga kusan kashi 75 har ƙarfin ya sauko kusa da 60, sauran biyun a mayar tukunya a zagaye na gaba. Wanda ya yi saurin fara ɗiba zai sami giya mai yaji a hanci; wanda ya yi jinkirin tsayawa zai ɓata gangar da za ta yi shekara goma a ajiye. Tan ɗaya na tsiro yana ba da kusan lita 400 na itanol zalla.

Akwai wata irin tukunya daban, doguwa kamar hasumiya, da Aeneas Coffey ɗan Ayaland ya yi wa rajista a 1830. Ita ba ta tsayawa: ana zuba tsimi ta sama, tururi na shiga ta ƙasa, kuma tana iya kai ƙarfi sama da kashi 90. Abin da take bayarwa ya fi arha, ɗanɗanonsa kuma bai kai na tukunyar gargajiya ba.

Abin da ke fitowa daga kowace tukunya fari ne tas kamar ruwa. Launi da babban rabo na ƙamshi daga ganga suke zuwa. Ana rage ƙarfinsa zuwa kusan kashi 63.5 a ɗura a gangar itacen ok. Da zafi ruwan ya shiga cikin katako, da sanyi ya fito da launi da ƙamshin banila. A Sikotland kusan kashi 2 cikin ɗari na abin da ke ganga yana bin iska kowace shekara. A wuri mai zafi kamar Bangalore ta Indiya asarar tana ninka haka sau da yawa, tsufan ma ya fi sauri. Shekarun da ake rubutawa a kwalba na mafi ƙuruciyar wiskin da ke cikin haɗin ne, kuma da zarar an ɗura a kwalba tsufa ya tsaya.

Da wannan za a gane kalmomin da ke kan kwalba. Dokar wiskin Sikotland ta 2009 ta ce kafin a kira abu Scotch sai ya yi aƙalla shekara 3 a gangar ok da ba ta wuce lita 700 ba, a cikin Sikotland, ƙarfinsa bai gaza kashi 40 ba, ba a kuma ƙara masa komai sai ruwa da launin ƙonannen sukari. Single malt na nufin tsiron sha'ir zalla, tukunyar gargajiya, gida ɗaya. Kalmar single ba ta nufin ganga ɗaya, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Single grain na gida ɗaya ne amma da alkama ko masara a ciki. Blended haɗin irin waɗannan biyun ne daga gidaje daban-daban, kuma shi ne mafi yawan abin da ake sayarwa, kamar Johnnie Walker.

Ayaland ma shekara 3 ce, kuma sun fi tacewa sau uku. Irin da ya zama nasu su kaɗai shi ne pot still, inda ake haɗa tsiro da ɗanyen sha'ir, kowanne aƙalla kashi 30. Harajin da aka ɗora wa tsiro a ƙarni na 18 ne ya tura su ga wannan dabara, ta zauna.

Bourbon ta Amurka ce, kuma yawancinta a jihar Kentaki ake yi. Dole masara ta kai kashi 51 na hatsin, kada ƙarfin tacewa ya wuce kashi 80, kada ya wuce 62.5 lokacin shiga ganga, gangar kuma sabuwa ce da aka babbake cikinta. Babbakar ba ta kai minti ɗaya ba, amma ita ke ba da zaƙi da jan launi. Da yake ba a sake amfani da gangar wajen yin bourbon, sai a sayar da ita ga 'yan Sikotland da Ayaland, shi ya sa mafi yawan Scotch a tsofaffin gangunan Amurka take tsufa, wasu kuma a na giyar sheri ta Sifen. In an rubuta straight, ta yi aƙalla shekara 2. Ta jihar Tenesi, irin Jack Daniel's, ana ɗiga ta cikin gawayin itacen mapul mai zurfin mita 3 kafin ganga. Rye kuma wani hatsi ne dangin alkama, kuma wiskin Amurka da ke ɗauke da sunansa dole hatsin ya kai kashi 51 a cikinta. Japan ta koyo daga Sikotland: Masataka Taketsuru ya yi karatun aikin a can, ya taimaka wajen kafa gidan wiski na Yamazaki a Japan a 1923.

Da yawa daga cikin abin da ake sayarwa da sunan wiski mai arha a Indiya daga dagwalon rake ake yinsa, kuma a dokar Turai bai cancanci sunan ba. Mafi haɗari shi ne na jabu. Tsimin hatsi ba ya haifar da metanol mai yawa, wato wani sinadari mai guba dangin itanol. Gubar takan shigo ne idan masu haɗa jabu suka zuba sinadarin masana'antu don su ƙara ƙarfi da arha, su sa launi, su ɗura a tsohuwar kwalba. Ba a bambance metanol da itanol da ido ko hanci. Kusan mililita 10 na iya makantar da mutum, 30 na iya kashe shi, alamun kuma sukan jinkirta sa'o'i 12 zuwa 24: ciwon kai, amai, ciwon ciki, gani dishi-dishi. A 2015 metanol a cikin ogogoro ya kashe mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas. Duk wanda aka ga waɗannan alamu a jikinsa bayan ya sha irin wannan abu, a kai shi asibiti nan take a faɗa wa likita abin da ya sha, domin maganin ya fi aiki kafin gubar ta taɓa jijiyar ido.