Ayoru: garin bakin kogi da kasuwarsa ta Lahadi

Ayoru ƙaramin gari ne a jihar Tilaberi ta jamhuriyar Nijar, yana bakin kogin Kwara, wajen kilomita 200 arewa maso yamma da Yamai, kan titin kwaltan da ya wuce iyakar Mali ya bi ta Ansongo har Gao. A takardun gwamnati ana rubuta shi Ayorou ko Ayérou. Tun 2011 shi ne hedikwatar gundumar Ayoru wadda ta haɗa shi da Inates, amma duk da wannan matsayi idan ka sauka a cikinsa ranar Talata ko Laraba ba abin da zai nuna maka bambancinsa da babban ƙauye, gidajen laka ne da jakuna da mata masu wanki a bakin ruwa, sai masunta suna gyaran koma a inuwa. Abin da ya fitar da sunansa duniya kasuwarsa ce ta ranar Lahadi, wadda aka daɗe ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin ƙauye na yammacin Nijar, sai kuma dorinar ruwa da al'adun mutanen kogi.

Yadda garin yake

Garin kashi biyu ne. Tsohon gari yana kan tsibiri a tsakiyar kogi, shi ake ce wa Ayoru Gungu, sabon garin kuma inda kasuwa da ofisoshi da tasha suke yana gaɓar hagu, ana ce masa Ayoru Hausa, don mutanen wannan yanki gaɓar hagu ta kogin suke kira Hausa, ta dama kuma Gurma. Tsakanin biyun ba gada, kwale-kwale ne motar kowa, da shi ake kai mara lafiya asibiti da shi ake kai amarya.

Shi kogin nan asalinsa daga tsaunukan Gini yake, tsawonsa ya kai wajen kilomita 4,180 kafin ya faɗa teku a Najeriya, kuma a wajen Ayoru yana da faɗi da tsibirai da yawa da duwatsu a cikin ruwa. Wani abu da baƙo ba ya saurin ganewa shi ne cikar kogin sau biyu take zuwa. Ta farko da damina wajen Agusta zuwa Satumba, ruwan ja ne jawur saboda ƙasar da koramu suke kwasowa. Ta biyu kuwa sai tsakiyar hunturu, Disamba zuwa Janairu, lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu, wannan ruwan Gini ne da ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso. To noman shinkafa da kamun kifi da kiwo duk a kan wannan lissafi suke tafiya. Idan ruwa ya janye sai ciyawar burgu ta bayyana a fadama, ita ce take riƙe shanu da rani lokacin da tudu ya bushe ƙayau.

Mutanen wurin

Mafi yawansu Songai ne da 'yan uwansu Zabarmawa, harshen kasuwa ma shi ne nasu, amma a cikin masu wannan harshe akwai rukuni-rukuni. Akwai Sorko, su ne masunta na gado, akwai Kurtai da Wogo mazauna tsibirai masu noma da kiwo. Daga tudu kuma Buzaye ne da Bella da Fulani. Hausawa sun jima a nan a matsayin fatake da 'yan tireda da mahauta, shi ya sa mai jin Hausa ba zai rasa wanda za su yi ciniki da shi ba. Sarkawan da aka sani a Kabi da Yawuri ma tushensu ɗaya da waɗannan Sorko, kogi ne ya bi da su kudu har suka koma Hausawa.

Ta fuskar tarihi wurin yana cikin tsakiyar ƙasar Songai ta dā. Kukiya, tsohuwar cibiyar sarakunansu, tana sama kaɗan a cikin Mali ta yanzu, Gao kuma tana gaba da ita. Da sojojin Maroko suka karya daular a yaƙin Tondibi a 1591, ragowar gidan Askiya, wato gidan sarautar Songai, ta wannan kwarin suka gangaro kudu suka ci gaba da turjiya, don haka yawancin gidajen sarautar yankin can suke jingina asalinsu.

Kasuwar Lahadi

Kasuwar tun ranar Asabar da yamma take fara taruwa. Masu nisa su ke fara isowa, Buzu a kan raƙumi da rawaninsa, Bella da jakuna sun sha kayan itace da tabarmi, Bafulatani yana kora shanu yana neman inda zai kwana da su kusa da ruwa, manyan motoci daga Yamai da Tilaberi cike da buhunan sukari da shinkafa da atamfa da robobi. Amma abin kallo na gaske sai asubar Lahadi a bakin kogi, lokacin da jirage suke ɓullowa daga tsibirai da ƙauyukan Gurma, ƙanana masu filafili da manya masu inji, kowanne ya nutse har baki saboda lodi, mata a zaune a kan buhuna da kaji a ɗaure a ƙafafunsu, tumaki a tsakiya, wani lokaci ma saniya ce ake ja da igiya tana iyo a gefen jirgi sai hancinta da ƙahonta kawai ake gani. Kafin hantsi gaɓar ta cika maƙil, jirgi na jikin jirgi, wanda ya makara sai ya taka ta cikin na wasu kafin ya sauka.

A ciki kowane kaya da wajensa. Ɓangaren kifi yana kusa da ruwa, akwai ɗanye, giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa, akwai banda da busasshe da ake ɗurawa a kwali a kai Yamai. Sai hatsi, gero da dawa da shinkafar gida da wake, ana awo da tiya. Matan Fulani da nono da man shanu a ƙwarya, matan Buzaye da cuku da kayan fata, jakunkuna da matasai da batta masu ado ja da kore, maƙera da wuƙaƙe da takubba da zobban azurfa. Akwai gishirin dutse da ake sarowa a Taudeni can arewacin Mali, yana biyo kogi ta Tumbuktu da Gao, makiyaya suna saye don dabbobi. Akwai tukwane da tuluna, tabarmin kaba, igiya, taba, goro, dabino, da masu maganin gargajiya sun baje saiwoyi a kan buhu.

Kasuwar dabbobi ita ce mai kuɗin, kuma a nan ne mutum zai ga yadda ciniki yake da tsari ko da ba a rubuta komai. Mai saniya ba ya yawan magana, dillali ne yake shiga tsakani, ya buɗe bakinta ya nuna haƙora, ya daki gadon baya, mai saye ya taya a ce albarka, ya ƙara a sake cewa albarka, ya yi kamar zai tafi dillali ya kamo hannun rigarsa, haka har a sallama a ba dillali la'adarsa. Kuma shi dillalin ba don surutu kawai ake biyansa ba, shi ne shaidar cewa dabbar ba ta sata ba ce, idan magana ta taso daga baya shi za a nema. Ana kawo shanun azawak da jajayen shanun Bororo masu dogon ƙaho da jalli na bakin kogi, ga raƙuma da jakuna da tumaki da awaki, kuma da yawan dabbobin da aka saya a irin waɗannan kasuwanni Najeriya suke ƙarewa. Lissafin kuɗi da sefa ne, amma a baki da dala ake ƙirgawa, dala ɗaya sefa 5 ke nan, jaka kuma 1,000, wanda bai saba ba sai ya rikice.

Ni a ganina darajar wannan kasuwa ba a kyan kallonta take ba, duk da cewa hotunanta sun zaga duniya. Manomi yana da gero ba shi da nono, makiyayi yana da nono ba shi da gero, masunci yana da kifi yana neman duka biyun, kuma Lahadi ce take haɗa su. A nan ake jin labarin inda ruwa ya sauka da inda ciyawa ta ƙare, a nan ake biyan bashi, a sasanta rigimar gona da shanu kafin ta girma, a nan saurayi yake fara ganin yarinyar wani tsibiri. Da la'asar sakaliya jirage sun fara juyawa, kafin magariba filin ya koma na awaki.

Al'adu da dorina

Mutanen Ayoru musulmi ne, kiran salla da makarantun allo su ne abin da za ka fara ji da gani. Tare da haka akwai tsofaffin al'adun kogi da wasu gidaje suka riƙe, musamman Sorko. Suna da wasan holle wanda ya yi kama da borin Hausawa, da goge da kiɗan ƙwarya, jagoransa ana ce masa zima, kuma a cikin iskokin da suke ambata akwai Harakoi Dikko uwar ruwa da Dongo mai tsawa. Sorko suna jingina kansu da wani kaka da suke kira Faran Maka, gwanin farautar ruwa a labaransu na baka. Malamai da yawa suna wa'azi a kan waɗannan abubuwa, sun kuma ja baya sosai idan aka kwatanta da zamanin kakanni, amma waƙoƙin da kirarin suna nan a bakin tsofaffi, kuma a cikinsu akwai sanin kogi na gaske, sunan kowane gurbi mai zurfi da kowane dutse da lokacin kowane kifi.

Farautar dorina da mashi ita ce babbar jarumtar Sorko a dā. Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniya daga baya ya koma ɗaukar fim, ya ɗauki wannan farauta a wajen Ayoru da tsibirin Firgun, hotunansa suna cikin abin da ya sa Turawa suka san garin. Ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, an binne shi a Yamai. Yanzu doka ta hana kashe dorina, ga kuma ayu da shi ma ake karewa. Sai dai maganar ba ta da sauƙi ga mutanen gari, don dorina a dare ɗaya tana iya cinye gonar shinkafar da iyali suka dogara da ita, tana kife jirgi, tana kashe shanu har da mutane. A 2017 rikicin ya yi zafi har mazauna suka kashe dorina da dama, a shekarar ne kuma gwamnati ta kafa gandun Kandaji da wurin kare dorina a yankin. Kare dabbar daidai ne, amma wanda aka cinye wa gona shi ma yana da haƙƙin a dube shi, in ba haka ba dokar a takarda za ta tsaya.

Ziyara

Lokacin da ya fi daɗi shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu, zafi ya sauka kogi kuma a cike, jirgi yana zuwa ko'ina. Afrilu da Mayu zafin wurin ba wasa ba ne. Mai son ganin kasuwa ya iso tun Asabar ya kwana, don wanda ya zo da azahar ɗin Lahadi ya riga ya rasa isowar jirage. Daga nan ana ɗaukar mai jirgi a tsallaka Gungu ko a haura wajen Firgun ganin dorina da tsuntsaye, kuma abin da mai jirgi ya ce shi ne, idan ya ce kar a matsa to kar a matsa, uwar da take da ɗa ba ta da haƙuri. Baƙo ya fara da gaisuwa, fofo, wato sannu da Zabarmanci, kawai ma tana buɗe fuska, ya gaida mai gari idan ya shiga tsibiri, kar ya ɗaga waya ya hau ɗaukar matan mutane hoto ba izini. Abinci akwai shinkafa da kifi, dambu da kopto na zogale, gasasshen nama, da shayin Buzaye zagaye uku.

Duk wannan fa bayanin lokacin lafiya ne. Tun da arewacin Mali ya rikice a 2012 Ayoru ta karɓi dubban 'yan gudun hijira, aka buɗe musu sansani a Tabarebare kusa da gari. A 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a yankin, a watan Oktoban shekarar kuma 'yan bindiga suka kai hari barikin jandarmomin garin suka kashe 13. A Disamban 2019 harin Inates ya ci sojoji 71. Daga farkon 2020 aka hana hawa babur a sassan Tilaberi, kuma duk wanda ya san ƙauye ya san abin da hana babur yake yi wa kasuwa, don shi ne yake kawo mai kaji biyu da mai tiya biyar. Masu yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa, masu jiragen da suke cin abinci da su suka koma kamun kifi da dako, makiyaya da yawa suna tsoron hanya saboda sace dabbobi da harajin dole da 'yan bindiga suke ɗora musu. Wanda zai je yanzu sai ya tambayi hukuma da mutanen gari halin da hanya take ciki a wannan makon, ba na watan jiya ba.

Sai maganar madatsar ruwan Kandaji da aka fara ginawa ƙasa da garin kaɗan. Shugaba Tandja Mamadou ne ya aza harsashinta a 2008, aikin ya tsaya, shugaba Mahamadou Issoufou ya sake tayar da shi a 2019 da wani kamfanin ƙasar Sin, ana sa ran megawat 130 na lantarki da ruwan noman rani, abubuwan da Nijar take matuƙar buƙata. Amma idan tafkin ya cika zai shanye tsibirai da ƙauyuka da wani ɓangare na Ayoru kanta, dubban mutane za a tasa a kai su sabbin matsugunai a tudu. Gida ana iya gina wani a biya diyya, abin da tsarin ya kamata ya amsa tun yanzu shi ne inda Sorko da Kurtai za su riƙa ɗaure jiragensu, da inda burgun shanu zai fito, da kuma ko sabuwar kasuwar za ta kasance a bakin ruwa yadda mai jirgi zai sauke kayansa ba sai ya nemi kura ba.