Waiwaye: Yadda kotunan Legas ke samun hurumin sauraron ƙara

Ana iya shafe shekara goma ana shari'a, mai ƙara ya yi nasara, sannan Kotun Ƙoli ta rushe komai saboda kotun farko ba ta da hurumi, wato ikon da doka ke bai wa kotu na sauraron ƙara. Ba a duba ko yana da gaskiya. Lauyoyi na iya tayar da batun hurumi a kowane mataki, kuma ɓangarorin biyu ba za su iya haɗa baki su bai wa kotu ikon da doka ba ta ba ta ba.

Tushen abin a Legas yake. Turawan Ingila sun karɓi garin daga hannun Oba Dosunmu a 1861, kuma a 1863 suka shigo da dokokinsu, ciki har da ƙa'idar cewa kotu ba ta hukunta mutum sai ta kira shi da sammaci. Ma'aunin da ake bi har yau ya fito ne a 1962, a shari'ar Madukolu da Nkemdilim, inda Mai Shari'a Bairamian ya kafa sharuɗɗa uku: alƙalan su cika adadi da cancanta, batun ya kasance cikin abin da doka ta damƙa wa kotun, kuma a shigar da ƙarar ta hanyar da aka tanada bayan an cika duk abin da ya wajaba kafin shigarwa.

Daga baya kotuna suka yi yawa, hurumi ya rarrabu. A 1973 aka kafa kotun harajin tarayya, wadda ta koma Babbar Kotun Tarayya a 1979. Dokar soja mai lamba 107 ta 1993 ta faɗaɗa ikonta ƙwarai, abin da ya zama sashe na 251 na kundin tsarin mulki na 1999: kwastan, jiragen ruwa, harkokin rajista da gudanar da kamfani, da ayyukan hukumomin tarayya. Don haka wanda kwastan ta riƙe wa kwantena a tashar jiragen ruwa ta Apapa, can zai nufa. Rikicin albashi da kora kuwa, gyaran kundi na 2010 ya keɓe shi ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Sauran, kamar bashi, fili da saɓa yarjejeniya, suna hannun Babbar Kotun Jiha bisa sashe na 272.

Inda 'yan kasuwarmu suka fi faɗawa rami shi ne wajen sammaci. A ce dillalin albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas yana bin wani kuɗi, wanda ake bin ya tattara ya koma Kano. Idan a Legas aka ƙulla cinikin ko a nan ya kamata a biya, ana iya shigar da ƙara a nan. Amma dokar isar da takardun kotu tsakanin jihohi, a sashe na 97, ta ce dole a rubuta a jikin sammacin cewa za a kai shi wajen jihar Legas, a cikin jihar Kano. Sashe na 99 kuma ya ba wanda ake ƙara aƙalla kwana 30 kafin ya bayyana. Layi ɗaya ne, amma rashinsa ya isa a soke sammacin in lauyan ɗaya ɓangaren ya yi ƙorafi da wuri. Idan kuwa ya zo ya shiga shari'a bai ce uffan ba, kotuna sun sha ɗaukar hakan a matsayin ya yafe. Rashin kai sammacin gaba ɗaya ya fi muni: tun shari'ar Skenconsult da Ukey ta 1981, hukuncin da aka yanke a bayan idon mutumin da ba a sanar da shi ba, banza ne. In mutum yana ɓuya, sai a nemi izinin alƙali a liƙa takardar a ƙofar gidansa ko a buga a jarida, kuma ma'aikacin kotu ya yi rantsuwa a rubuce cewa ya kai.

Har sa hannu yana kashe ƙara. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, Kotun Ƙoli ta ce takardar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, ba sunan lauya ɗaya mai rajista ba, ba ta da inganci. Wannan hukunci yana da ciwo, domin talakan da ya biya lauya shi ke ɗaukar asarar kuskuren da ba nasa ba.

Yawan kuɗi ma yana raba hanya. Dokar jihar Legas ta 2009 ta bai wa kotun majistare ikon sauraron abin da bai wuce naira miliyan 10 ba, kuma tun 2018 akwai kotun ƙananan basussuka na miliyan 5 zuwa ƙasa, inda mutum zai iya tsayawa da kansa bayan ya fara aika takardar neman biya. Bashin ciniki kuma in ya haura shekara 6 ba a kai ƙara ba, ƙofa ta rufe.

Masu zuwa daga Arewa su sani cewa jihar Legas ba ta kafa kotun shari'ar Musulunci ba. Sulhun da ake yi a fadar Sarkin Hausawa a Agege, ko a gaban malamai a masallaci, yana da amfani sosai kuma yana rage wa mutane wahala, amma ƙarfinsa a kan yardar ɓangarorin biyu yake. Wanda ya ƙi zuwa, ba su da ikon aika masa sammaci ko ƙwace kayansa, sai dai a rubuta abin da aka amince, kowa ya sa hannu gaban shaidu, don ya zama hujja idan magana ta kai kotu.