Tom Dowd

Thomas John Dowd (20 ga Oktoba 1925 – 27 ga Oktoba 2002), wanda aka fi sani da Tom Dowd, injiniyan ɗaukar sauti ne kuma furodusan waƙoƙi ɗan ƙasar Amurka. Ya shafe fiye da shekara 50 a cikin situdiyo, kuma sunansa ya fi haɗuwa da kamfanin Atlantic Records na birnin New York. A hannunsa aka ɗauki muryoyin Ray Charles, Aretha Franklin, Otis Redding da Rod Stewart, da kiɗan John Coltrane da Eric Clapton. Ana lissafa shi cikin waɗanda suka yaɗa ɗaukar sauti a tef mai layuka da yawa, dabarar da ta sauya yadda ake haɗa waƙa a duniya baki ɗaya.

Tasowa da karatu

An haife shi a Manhattan, a gidan da kiɗa ya zama abin yau da kullum. Mahaifiyarsa mawaƙiyar opera ce. Tun yana yaro ya koyi piyano da goge irin na Turawa da babban ƙahon tuba, daga baya ya ƙara da babban goge mai kaurin murya. Ya gama makarantar sakandare ta Stuyvesant a 1942 yana da shekara 16, sannan ya ci gaba da karatu a Kwalejin Birnin New York, yana kuma aiki a ɗakin binciken fiziks na Jami'ar Columbia.

Da ya cika shekara 18 aka ɗauke shi soja, amma ba a tura shi fagen daga ba. An bar shi a Columbia, inda aikinsa ya shiga cikin shirin sirri na Manhattan, wanda ya samar da makamin ƙare-dangi na farko. Ya yi aiki da na'urar da ke hanzarta ƙwayoyin zarra, yana auna abin da ke fitowa daga gare ta. A 1946 yana cikin waɗanda aka tura tsibirin Bikini da ke tekun Pasifik domin gwajin bama-baman nukiliya.

Niyyarsa ita ce ya koma jami'a ya sami digiri a fiziks. Sai dai abin da ya koya lokacin yaƙi duk sirrin gwamnati ne, jami'a ba ta da hanyar lissafa masa shi, kuma darussan da ake koyarwa a aji sun riga sun zama tsohon yayi a wurinsa. A kan haka ya bar karatun, ya nemi aiki a wani situdiyo a New York wajen 1947.

Shekarun Atlantic

A lokacin da Dowd ya fara, kai tsaye ake yanka sauti a kan faifai. Mawaƙa da makaɗa suna taruwa a ɗaki ɗaya, allura tana sassaƙa zare a jikin faifan yayin da suke waƙa. Idan mai ganga ya kuskure a minti na ƙarshe, faifan ya lalace, sai a sake daga farko. Injiniya kuma dole ya daidaita ƙarfin kowane makirufo a daidai lokacin da ake kiɗan, domin babu gyara bayan an gama. Dowd yana karanta rubutun kiɗa, ya san inda mai busa zai shigo kafin ya shigo, ya kuma san abin da ke faruwa a cikin wayoyin na'ura. Injiniyoyi kaɗan ne a wancan zamani suka haɗa waɗannan biyun.

Ahmet Ertegun, ɗan jakadan Turkiyya a Amurka, shi da Herb Abramson suka kafa Atlantic a 1947. Dowd ya fara yi musu aiki a matsayin ɗan kwangila tun wajen 1949, ya zama cikakken ma'aikacinsu a wajen 1954, bayan furodusa Jerry Wexler ya shigo kamfanin. Kamfanin ƙarami ne a lokacin. A ofishinsu na titi na 56, da rana ana harkar kasuwanci, da dare sai a ture teburori gefe, a ɗora wani kan wani, a kafa makirufo a ɗauki waƙa. A irin wannan ɗaki aka ɗauki wasu daga cikin waƙoƙin Ray Charles, Ruth Brown da Big Joe Turner. Abin da masu saye suka lura da shi a faifan Atlantic shi ne tsabtar sauti: ganga tana fitowa, kaurin muryar goge yana fitowa, murya kuma ba ta nutsewa.

Dowd ne ya matsa wa shugabannin kamfanin su koma amfani da tef, kuma tun farkon shekarun 1950 ya riƙa ɗaukar wasu zama da sitiriyo, wato sauti mai fita ta ɓangaren dama da hagu daban-daban, shekaru kafin faifan sitiriyo ya shiga kasuwa sosai. Wajen 1957 zuwa 1958 ya shawo kansu suka sayi na'urar Ampex mai layi 8. Ta farko irinta an ƙera ta ne don makaɗin jita Les Paul, ta Atlantic ita ce aka fi cewa ta biyu. Amfaninta shi ne kowane kayan kiɗa yana samun layinsa daban a jikin tef. Ana iya ɗaga murya a rage ganga washegari, ko a sake ɗaukar busa kaɗai ba tare da an taɓa sauran ba. Manyan situdiyoyin Ingila ba su kai ga layi 8 ba sai kusan shekara 10 bayan haka.

Layi 8 ya zo da matsalarsa. Teburin haɗa sauti na lokacin manyan maɓallai ne masu murɗawa, kuma hannu biyu ba sa murɗa 8 a lokaci ɗaya. Dowd ya maye gurbinsu da ƙananan maɓallai masu zamewa a miƙe, ya jera su kusa da juna, ta yadda kowane yatsa zai hau ɗaya kamar mai kaɗa piyano. Irin wannan jeri ne ake gani a teburin haɗa sauti har yau. Akwai saɓani kan wanda ya fara ƙirƙiro maɓallin, amma ba a jayayya cewa Dowd na cikin waɗanda suka fara sa shi aiki a situdiyon Amurka.

A watan Fabrairun 1959 ya ɗauki waƙar Ray Charles mai suna "What'd I Say". Ta yi tsawon da ba zai shiga fuska ɗaya ta ƙaramin faifai ba, sai Dowd ya yanke wasu wurare, ya raba ta kashi biyu, gaba da baya. A shekarar kuma ya ɗauki kundin Giant Steps na John Coltrane. Ya yi aiki da Charles Mingus da Ornette Coleman a fagen jaz, da ƙungiyoyin Drifters da Coasters a fagen waƙoƙin matasa, sau da yawa a cikin mako guda.

Memphis da Muscle Shoals

A wancan lokacin Atlantic ce ke rarraba faifan kamfanin Stax na Memphis. A 1963 na'urar ɗaukar sautin Stax ta lalace, aiki ya tsaya, sai Wexler ya tura Dowd. Ya sa aka aiko da kayan gyara daga New York, ya tayar da na'urar cikin kwana biyu. A 1965 ya koma ya kafa musu na'ura mai layi 2, ya kuma zauna a gaban teburin haɗa sauti lokacin ɗaukar kundin Otis Blue na Otis Redding, wanda aka gama mafi yawansa cikin kusan awa 24.

A watan Janairun 1967 yana tare da Wexler a situdiyon FAME da ke Muscle Shoals a jihar Alabama, a zaman farko na Aretha Franklin da Atlantic. Zaman ya watse bayan kwana ɗaya saboda rigima, aka kwaso makaɗan zuwa New York, inda aka ɗauki "Respect" a watan Fabrairu. Dowd, Wexler da Arif Mardin sun ci gaba da aiki tare a kan faya-fayan Aretha na shekarun da suka biyo baya.

Miami da kiɗan rok

Ƙungiyar Cream ta Ingila ta ɗauki kundin Disraeli Gears a Atlantic a 1967, Dowd ne injiniya, kuma nan ya saba da Eric Clapton, makaɗin jitar ƙungiyar. Zuwa 1970 ya mayar da yawancin aikinsa situdiyon Criteria da ke Miami, ya kuma fi tsayawa a matsayin furodusa. A watan Agustan shekarar, yana cikin aiki da sabuwar ƙungiyar Clapton, Derek and the Dominos, ya kai su kallon wasan Allman Brothers Band. Bayan wasan Duane Allman, makaɗin jitar Allman Brothers, ya biyo su situdiyo, kuma jitarsa ta shiga mafi yawan kundin Layla and Other Assorted Love Songs. Wasu masu sharhi sun ce sautin kundin ya cushe, an kuma sake haɗa shi a 1990.

A watan Maris na 1971 ya ɗauki wasan Allman Brothers kai tsaye a zauren Fillmore East na New York, yana zaune a cikin motar ɗaukar sauti a waje. Ana yawan sa kundin da ya fito daga nan cikin mafi kyawun waɗanda aka ɗauka a gaban 'yan kallo. Duane Allman ya rasu a haɗarin babur a watan Oktoban shekarar. Dowd ya shirya wa Clapton kundin 461 Ocean Boulevard a 1974, ya yi wa Rod Stewart Atlantic Crossing a 1975. Ya kuma yi aiki da Lynyrd Skynyrd har zuwa kundinsu na 1977, wanda ya fito kwana 3 kafin jirgin saman ƙungiyar ya faɗi a jihar Mississippi.

Ya ci gaba da aiki a shekarun 1980 da 1990, har da Allman Brothers bayan sun sake haɗuwa.

Rasuwa da karramawa

Hukumar Grammy ta ba shi lambar yabo ta amintattunta a 2002. Ya rasu a Aventura ta jihar Florida ranar 27 ga Oktoba 2002, mako ɗaya bayan ya cika shekara 77, sakamakon ciwon huhu. A 2003 aka fitar da fim na tarihin rayuwarsa wanda Mark Moormann ya shirya, inda aka nuna shi zaune a gaban tebur yana ɗaga layukan tef ɗin "Layla" ɗaya bayan ɗaya, yana ware jitar Clapton da ta Allman. A 2012 aka shigar da sunansa zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame.