Ƙugiyar da ke zaro kwanson harsashi: yaushe ake canza mata sifirin?

Tambayoyin nan daga wani mafarauci mai lasisi suka fito, mazaunin Bukuru kusa da Jos, wanda bindigarsa ta fara barin kwanso a ciki bayan harbi.

Malam, mene ne aikin wannan ƙugiya, kuma ina sifirin ɗin yake?

A bindiga mai sakata, wato wadda ake ɗaga hannunta a ja baya a sake turawa, akwai wata 'yar ƙugiya a goshin sakatar. Ita ce ke cafke leɓen gindin harsashi. Idan an harba aka ja sakata, sai ta zaro kwanson da ya rage daga mazauninsa, wato ramin da harsashi ke zama a ciki lokacin harbi. Abin da ke cillo shi waje kuma wani ƙarfe ne daban, kuma mutane da yawa suna haɗa su biyun. Sifirin shi ke danne ƙugiyar don kada ta saki leɓen. Amma fa ba kowace bindiga ke da shi a ware ba. A ƙirar Mauser ta Jamus ta 1898, doguwar ƙugiyar da ke kwance a gefen sakata ita ce sifirin ɗin kanta, don haka in ta saki, ita ake canzawa gaba ɗaya. Lee-Enfield ta Ingila kuwa tana da ɗan ƙaramin sifirin a lanƙwashe cikin kan sakata. Remington 700, wadda ta fito a Amurka a 1962, tata ƙugiyar kamar tsagaggen zobe take, a cikin goshin sakatar.

To, tunda kwanso na maƙalewa, sifirin ɗin ne ya mutu ke nan?

Kada ka yi saurin yanke masa hukunci. A nan ne na fi so ka tsaya, domin sau da yawa laifin datti ne. Ka san yanayinmu na Filato: da hunturu ƙura ta shiga ko'ina, ta haɗu da mai da tokar albarushi ta zama kamar kwaɓaɓɓen laka a ƙarƙashin ƙugiyar, har ta kasa komawa mazauninta. Da damina kuma laima ta kawo tsatsa. Mazaunin harsashi in ya yi tsatsa, yakan riƙe kwanso gam, ko sabon sifirin ka sa ba zai zaro shi ba.

Kwanson da ya maƙale shi ne shaidarka, ka duba shi da kyau. In leɓensa ya yage ko ya gutsure, ƙugiyar ta yi aikinta, ta ja da ƙarfi, mazaunin ne ya ƙi saki. In kuwa leɓen lafiya lau yake, ko ɗan ƙarzuwa kawai ya yi, to ƙugiyar zamewa take yi, kuma a nan ne ake zargin sifirin ko bakin ƙugiyar da ya cinye. Bayan an wanke, a danna ƙugiyar da tsinke. In ta dawo da ƙarfi, da sauran ransa. In ta yi lagwaf, ya gama yayi.

Zan iya canzawa da kaina a gida?

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ba ta bar gyaran bindiga ga kowa ba. Ana yin sa ne a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko wurin wanda hukumar 'yan sanda ta ba izinin gyara. Lasisin riƙe bindiga daban, izinin gyara daban. Ka kai wa mai izini.

In na kai, me ya kamata in ga yana yi?

Farkon abu, ya cire gidan harsashi, wato inda ake jera harsasai, ya buɗe sakata, ya leƙa mazaunin da idonsa, ya kuma taɓa da yatsa. Wanda ya tsallake wannan, karɓe kayanka. Daga nan sai ya zare sakatar daga jikin bindiga, ya fitar da ɗan fil ko sukurun da ke riƙe ƙugiyar, gwargwadon ƙirarta. Masu hannu a aikin kan yi wannan a cikin farar leda, domin sifirin ɗin a matse yake, in ya kuɓuce sai ya yi tsalle, kuma abin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba ina za ka gan shi a ƙasan shago? Zai goge ramin tas kafin ya sa sabo, ya zaunar da shi ta fuskar da tsohon yake, ya ɗiga mai kaɗan. Mai da yawa ƙura yake gayyatowa.

Wani ya ce min sifirin ɗin biro ma yana yi in an yanke shi daidai.

Don Allah kada ka yarda. Ƙarfensa da kaurinsa ba na wannan aiki ba ne. Haka nan miƙe tsohon sifirin da hannu don ya ƙara tsawo, kwana biyu zai koma yadda yake, ko ya karye kana tsakiyar daji. A nemo wanda aka yi domin ainihin samfurin bindigarka.

Yaya za a gane aikin ya yi?

Da kwanson da aka riga aka harba ake gwadawa, ba a gwaji da harsashi mai rai a shago ko a gida. A sa shi a mazauni, a rufe sakata, a ja a hankali. Ya kamata ƙugiyar ta riƙo shi har ya fito ya faɗi gefe. A maimaita sau da dama, a hankali da kuma da sauri, domin wata ƙugiyar takan riƙe in an ja da sannu, ta saki in an fizga.