Lambun Gida

Lambun gida ɗan fili ne da ake warewa a cikin gida ko kusa da shi don noma kayan lambu da 'ya'yan itatuwa da iyali za su ci, ba don kasuwa ba. Yana iya zama fangali biyu a bayan ɗaki, ko bokitai da buhuna da aka jera a gindin katanga. Darajarsa takan fito fili idan abinci ya yi wuya. A Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatocin Birtaniya da Amurka sun yi ta kira ga jama'a su nome duk filin da suka samu, har aka ƙiyasta cewa Amurka ta kai lambuna kusan miliyan 20, waɗanda suka samar da wajen kashi 40 cikin 100 na ɗanyen kayan lambun da aka ci a ƙasar. Haka mutanen birnin Habana na Kuba suka koma noma a kangaye da filayen unguwa bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991.

Wuri da girma

Sabon shiga yakan fara da sayen iri, alhali zaɓen wuri ne ya kamata ya riga komai. Shuke-shuke masu 'ya'ya, irin su tumatir da barkono da kuɓewa da kokwamba, suna son rana ta awa 6 zuwa 8 kullum. Na ganye kamar latas da alayyafo sukan yi haƙuri da awa 4. Tumatir da aka dasa a inuwa zai yi tsawo, ya yi ganye shar, ya ƙi ɗaukar 'ya'ya. Saboda haka ana so a yi kwana biyu ana lura da inda inuwar gini da ta bishiya ke faɗawa, safe da yamma, kafin a ɗauki fartanya. Wurin kuma ya zama kusa da ruwa, domin lambun da sai an yi doguwar tafiya da bokiti ba ya kai wata biyu.

Abin da ya fi kayar da masu farawa shi ne haɗama. Fangali ɗaya mai faɗin mita 1.2 da tsawon mita 3 ya isa a shekarar farko. An zaɓi wannan faɗin ne don hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da an taka ƙasar ba, tunda takawa na danƙare ta, ta hana saiwa iska.

Ƙasa da taki

Ana gane ƙasa da hannu. A jiƙa ta kaɗan, a dunƙula: idan ta warwatse nan take, yashi ya yi mata yawa, ba za ta riƙe ruwa ba. Idan ta cure tana sheƙi tana manne wa yatsa, laka ce, ruwa zai kwanta a kanta. Wadda ake nema ita ce mai dunƙuluwa amma da an taɓa ta ta farfashe. Maganin yashi da na laka duk ɗaya ne, wato ruɓaɓɓen taki na ganyaye da ɓawon kayan lambu da kashin dabbobi, a cakuɗa shi da ƙasar sama zurfin santimita 20 zuwa 30. Sharaɗin shi ne ya ruɓe sosai, ya yi baƙi, warinsa ya tafi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa.

Takin zamani yana ɗauke da sinadarai uku da ake rubutawa NPK a jikin buhu. Na farko na ganye ne, na biyu yana taimakon saiwa da fure, na uku yana ƙarfafa 'ya'ya da jikin shuka. Yana ciyar da shuka da sauri, amma ba ya gyara ƙasa. Wanda zai shuka a bokiti ya huda gindinsa. Tumatir ɗaya yana son bokiti mai cin lita 20.

Shuka da dashe

Ƙa'idar da aka saba ita ce a binne iri zurfin faɗinsa sau biyu ko uku, shi ya sa ƙananan iri kamar na latas barbaɗa ƙasa kawai ake yi musu. Wake da kuɓewa da karas ana shuka su kai tsaye, musamman karas, wanda dashe ke karkata masa saiwa. Tumatir da barkono da kabeji kuwa ana renonsu a wuri guda, a dasa bayan mako 4 zuwa 6, da yamma, a bar tazarar santimita 45 zuwa 60. Alayyafo ne ya fi ƙarfafa gwiwar mai koyo, don cikin wata guda ake fara yankansa. Kuɓewa takan fara bayarwa cikin wata biyu, tumatir kuma wata biyu zuwa uku bayan dashe. Irin da aka rubuta F1 a takardarsa haɗi ne, wato an same shi ta hanyar barbara tsakanin iri biyu daban. Idan an ajiye 'ya'yansa aka sake shukawa, ba lallai su yi kama da uwar ba.

Ban-ruwa da kwari

A matsakaicin yanayi, kowace murabba'in mita tana son kimanin lita 25 a mako, fiye da haka idan ana zafi. Ban-ruwa mai ratsa ƙasa da safe ya fi yayyafin kullum, wanda ke sa saiwa ta tsaya a sama. A tsoma yatsa: in akwai danshi a gaɓa ta biyu, a bari sai gobe. Baƙin tabon nan da ke fitowa a gindin tumatir yawanci daga rashin daidaiton ruwa yake, yau ƙishi gobe ambaliya. Lulluɓe ƙasa da busasshiyar ciyawa yana riƙe danshi, yana kuma rage aikin cirar haki.

A ƙaramin lambu, leƙa bayan ganye da tsince tsutsa da hannu ya kan wadatar. Abin da ya fi muhimmanci shi ne sauya wuri. Tumatir da barkono da gauta da dankalin turawa dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, don haka ba a mayar da su fangali guda sai bayan shekara uku. Wake ya dace ya biyo bayansu, saboda ƙwayoyin halittar da ke zaune a saiwarsa suna ɗauko sinadarin naitirojin daga iska.

Itatuwa

Gwanda da ayaba ne masu saurin biya, wajen shekara guda inda ake da ɗumi. Gwanda tana da namiji, wanda fure kawai yake yi, shi ya sa ake shuka uku ko huɗu a rami, a bar wadda za ta yi 'ya'ya idan sun yi fure. Mangwaro da lemo gara a sayi mai aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan wani tushe, wanda kan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4. Na ƙwallo yakan ɗauki shekara 5 ko fiye, kuma ba tabbas ya gaji zaƙin uwarsa. Wajen dasawa, mahaɗar auren ta zauna sama da ƙasa, kuma duk tohon da ya fito a ƙasa da ita a cire shi.