Ƙadangare Mai Gemu a Legas: Amsoshin da Na Gaji da Maimaitawa

Tun da na fara kiwonsa a ɗakina a Agege, ba a cika mako ba tare da wani ya kawo mini ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi ba.

Ba jan gwadan kan katanga ba ne?

A'a. Asalinsa busassun yankunan tsakiyar Ostireliya ne, kuma wanda ake sayarwa a hannun masu kiwo aka ƙyanƙyashe shi. Gemun ƙayoyi ne a ƙarƙashin maƙogwaro, yakan kumbura su har su yi baƙi idan ransa ya ɓaci.

Zan iya haɗa biyu don kada ya yi kaɗaici?

Kada ka soma. Maza biyu faɗa za su yi.

Legas akwai zafi, sai lallai na sayi fitila?

Nan ne akasarin mutane suke kuskure. Zafin ɗakinka bai kai abin da yake bukata ba, domin wurin da yake shan ɗumi ya kamata ya kai digiri 38 zuwa 42, ɗaya gefen akwatin kuma ya kasance da sanyi-sanyi yadda zai koma idan ya ƙoshi. Sai kuma fitilar UVB, mai ba da wani nau'in hasken rana da ido ba ya gani, wadda idan babu ita jikinsa ba zai ci moriyar sinadarin kalsiyam ba. Haɓarsa ta yi laushi, ƙafafu su riƙa rawa, kafin ka ankara ƙashi ya lanƙwashe. Ana canza fitilar bayan wata 6 zuwa 12 ko da tana ci, domin ƙarfinta yana raguwa ido bai gani ba.

To, rana fa? Hasken rana ya fi kowace fitila, amma da sharaɗi. Gilashin taga yana tare UVB, akwatin gilashi kuma a tsakar rana tanda ne. Idan an ɗauke wuta, ni kan fita da nawa da hantsi cikin keji na waya mai inuwa a gefe guda, in zauna kusa saboda kyanwa da shirwa. Wannan yana rage asara, sai dai ba zan ce ya maye gurbin fitila ba, musamman da damina da rana take yini a ɓoye. Laimar Legas ma matsala ce: shi yana son kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, tamu kuwa takan haura 80, kuma danshi yana jawo masa ciwon numfashi. Ka sa murfin raga, ka rage faɗin kwanon ruwa. Wanda ba shi da sola ko janareta, gaskiya ya dakata tukuna.

Me zai ci?

Ƙarami ya fi son ƙwari kamar gyare da fara, babba kuma ganye da kabewa, waɗanda ba sa wuya a kasuwar Mile 12. A barbaɗa garin kalsiyam a kan ƙwarin. Malam, kyankyason bayan gida da aka fesa wa magani ba abinci ba ne! Ƙwaron nan mai walƙiya da dare kuwa guda ɗaya yana iya kashe shi.

Yana cizo?

Da wuya, Hajiya, ki kwantar da hankalinki. A dai wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, saboda ƙwayar cutar salmonela.

Yarona zan saya wa, ya dace?

Yakan rayu shekara 10 zuwa 15, ya kai tsawon santimita 60, ya bukaci akwati mai santimita 120. Yaron zai tafi makarantar kwana, kai za ka ci gaba da neman gyare.